Daga Roni Zuwa Ƙasar Dusar Ƙanƙara: Kayan Sanyun Da Za A Saya Da Waɗanda Za A Bari

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kawuna na Roni ya riƙo hannuna ya ja ni gindin darbejiya. Autansa ya samu gurbin karatu a Turkiyya, a Jami'ar Erciyes da ke birnin Kayseri, kuma tafiya ta matso. Kawu ya sayar da riɗi buhu biyu, kuɗin na ƙulle a aljihun 'yar ciki. Ya ce, "Kai da ka zauna ƙasar sanyi, faɗa mini abin da zan saya wa ƙanen nan naka. Ni dai na ce bargo mai nauyi da babban kwat. Shi kuwa sai nuna mini waya yake yi, wai akwai wani dutse a bayan garin da ake zamiya a kan dusar ƙanƙara, har da shi za a yi." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, bargo dai a bar shi a gida. Sauran maganar kuma ba ta tsaye ba ce."

Ba kawu kaɗai ke wannan tambaya ba. Tun lokacin da gwamnatin Jigawa, a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ta tura ɗalibai karatun likita birnin Shenyang na ƙasar Sin, ga kuma masu samun tallafin karatu zuwa Rasha da Turkiyya da Hungari, ga ma'aikatan jinya masu tafiya Ingila da Kanada, gidaje da yawa a ƙasar Kazaure sun san wannan rana ta haɗa wa yaro jaka. Abin da na gaya wa kawu da autansa shi zan maimaita a nan, don mai irin wannan tafiya ya amfana, ko karatu ya kai shi, ko aiki, ko hutun 'yan kwanaki.

Mu fara da sanyin kansa, domin kuskuren daga nan yake farawa. Mutumin Roni yana ganin ya san sanyi. Ya san asubahin watan Janairu, lokacin da iska ke sauko wa daga duwatsu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su kewaye wutar kara. To amma a ma'auni, hunturunmu mai tsanani bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma kafin hantsi rana ta fito ta gasa kowa. Ruwa yana daskarewa ne a sifiri. Firizar masu sayar da ƙanƙara tana aiki a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. A Shenyang, matsakaicin sanyin Janairu yana wajen 11 ƙasa da sifiri, dare kuma yakan wuce 20. Kayseri ba ta kai haka ba, amma darenta na hunturu ƙasa da sifiri yake, wata da watanni. Idan iska ta shigo lissafin sai ya sake: sanyin 10 ƙasa da sifiri da iska mai gudun kilomita 30 a awa, jiki yana jin sa kamar 20. Wato ƙanena zai riƙa fita lacca a cikin firiza, da fanka a kunne. Bambanci na biyu kuma, sanyinmu busasshe ne, nasu da jiƙa. Dusar ƙanƙara ruwa ce. Ta sauka a kafaɗa, ɗumin jiki ya narkar da ita, ta ratsa tufa.

Abin da ke ba mutum mamaki kuma shi ne cikin ɗaki. Ɗakin kwana, aji, mota, jirgin ƙasa, masallaci, duk da na'urar ɗumama wuri, ɗumin ya kai digiri 20 ko fiye. A yini guda sai ka shiga zafi ka fita sanyi sau goma. Wanda ya dogara da ƙaton kwat guda a kan singileti, a waje yana rawar ɗari, a ciki yana gumi, ya sake fita da jiƙaƙƙen jiki. Shi ya sa mutanen can ba nauyin tufa suke nema ba. Hawa-hawa suke sawa, su cire su mayar gwargwadon inda suka shiga.

Ka san dalilin da ɗakin ciyawa ya fi na kwano daɗin kwana da hunturu? Iskar da ke maƙale a tsakanin ciyawar ce take tare sanyi. Haka tufafi suke. Tufa ba ta da ɗumin kanta. Jikinka ne murhu, ita aikinta ta riƙe iskar da ka ɗumama kada ta gudu. Don haka hawa uku ake yi. Na jikin fata, riga mai dogon hannu da wando masu kama jiki, aikinsu su janye gumi. Na tsakiya, suwaita ta ulu ko irin mai laushin nan kamar bargon jarirai, ita ke riƙe ɗumi. Na waje kuma jaket mai tare iska da ruwa. Sirara uku da aka jera haka sun fi ƙaton kwat guda, sun kuma fi shi araha.

A nan ne zan ɓata wa 'yan Kantin Kwari rai. Auduga, wadda ita ce sarauniyar tufafi a ƙasarmu, a can abokiyar gaba ce. Abin da ya sa muke son ta da bazara, wato shan gumi da sanyaya jiki, shi ne aibinta a ƙanƙara. Ta sha gumi ta riƙe, ba ta bushewa, ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25. Singileti, shadda, wandon jins, safar auduga, duk hukuncinsu ɗaya. Kada ka sa su a jikin fata ranar da za ka daɗe a waje. Kaftaninka da hularka ka tafi da su don Juma'a da Sallah, a ɗora su a kan na ciki. Idan kana duba tufa, juya ta ka nemi 'yar takardar da ke ɗinke a gefen ciki. In ka ga an rubuta polyester ko wool ko merino, ɗauka. In ka ga cotton ɗari bisa ɗari, ajiye. Rigar 'yan ƙwallo mai dogon hannu da matsattsen wandon da suke sawa a ƙarƙashin gajeren wando, waɗanda ke zube a kowace kasuwa, suna yin aikin hawa na farko sarai, kuma ba su kai kuɗin yadi biyar ba.

Yanzu sai inda za a saya. Na ce da kawu kada ya kai kuɗinsa manyan kantunan da ke da gilashi da sanyin na'ura. Sabuwar rigar sanyin da ake kawowa kasuwanninmu an yi ta ne don hunturunmu, ado ne da ɗan kauri. Kayan da aka ɗinka don ƙanƙara ta gaske suna cikin gwanjo, domin daga ƙasashen ƙanƙarar aka kwaso su. Zuwa da kai ya fi aike: a tashi da sassafe daga Roni a fito Kazaure, a hau motar Kano, a nufi kasuwar Ƙofar Wambai, kuma yaron da zai sa kayan ya kasance a wurin. A tambayi masu rumfa ranar da suke fasa dila, domin wanda ya zo a ranar shi ke zaɓen farko, na baya sai tsintar ragowa. Lokaci ma yana da tasiri. Daga Nuwamba zuwa Janairu kowa neman rigar sanyi yake, mai kaya yana cewa albarka ba tare da ya ɗago kai ba. Da bazara ko damina kuwa kayan sun zame masa kaya, kana tayawa yana sallamawa. Yawancin makarantun can a Satumba ko Oktoba suke buɗewa, saboda haka mai tafiya karatu ya yi sayayyarsa a Yuli ko Agusta, ya ci wannan riba.

Wani sirri kuma: wandon zamiyar ƙanƙara, mai kauri, mai santsi, wani har da igiyoyin ratayawa a kafaɗa, yana fitowa a dila, kuma ba mai neman sa sai ɗan acaɓa mai fitar asuba ko maigadi. Mai rumfa sau da yawa bai san abin da ke hannunsa ba. A Turai wandon nan kuɗi ne mai yawa. Ka gane shi da wata 'yar riga ta biyu da ke cikin ƙafar wandon, mai roba a baki, wadda ake ja a rufe wuyan takalmi don kada ƙanƙara ta shiga. Jaket ɗin wasan ma tana da irin wannan a kugu ta ciki, da ɗan aljihu mai zif a hannun hagu inda ake sa katin hawa dutse. Ka ga waɗannan alamu, ka ci karo da abin nema. Kada fuskarka ta nuna.

Amma araha ba ta ado, gwanjo kuma sai da ido. Ga yadda nake duba jaket, kuma ban taɓa jin kunyar yin sa a gaban mai kaya ba. Na farko zif: a ja shi sama da ƙasa sau uku, har na aljihu. Zif ɗin da ya mutu tela zai iya canzawa, sai dai a rage kuɗin a ciniki. Sannan ka kafa bakinka a jikin yadin ka hura da ƙarfi, hannunka na ɗaya gefen. In ka ji iska ta fita, iskar dutse ma za ta shiga. Sai ka sayi fiya wata ka ɗiga a hannun rigar. In ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a ganyen gwaza, rigar na da sauran rai. In ya nutse wurin ya yi duhu, maganin da ke korar ruwan ya ƙare. Za ta yi zaman gari, ba za ta yi birgima a ƙanƙara ba. Juya cikinta: jaket ta ƙwarai akan manne bakin ɗinkinta da wani siririn tef don kada ruwa ya bi ramin allura. In ka ga farin shafen ciki yana ɓarewa yana zuba kamar garin rogo, ta gama aiki, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka. Wasu suna da lamba a takarda, 5,000 ko 10,000, ma'aunin ƙarfin tare ruwa ke nan. Ta 5,000 ta ishi mai koyo a rana mai kyau, ta 10,000 ta fi kwanciyar hankali.

Jaket masu kumburin nan kamar katifa iri biyu ne. Akwai mai cikin gashin agwagwa ko dinya, akwai mai cikin zaren roba. Mai gashi ta fi ɗumi da rashin nauyi, amma in ta jiƙe gashin ya dunƙule, ta zama tsumma, wankinta kuma sai da dabara. Mai zaren roba ta fi araha, ta fi jure jiƙa, ita nake ba ɗalibi shawara. Kowacce ce, matse ta a hannu ka saki. In ta taso ta koma yadda take, da kyau. In ta kwanta, ko ka ɗaga ta a rana ka ga wurare fayau babu komai a ciki, wuce gaba.

Gwaji kuma a kan suwaita ake yin sa, ba a kan 'yar shara ba, ko da zafin Kano zai sa ka jiƙe. Ka ɗaga hannu kamar mai kabbara: kada cibiya ta fito, kada hannun rigar ya zame ya bar wuyan hannu. Ka tsuguna: kada wando ya ɗaure gwiwa ko ya buɗe baya. Jaket ta sauko ta rufe mazaunai, ta kasance da hular kanta. Samarinmu suna son ɗamammen kaya, to a nan ɗamewa asara ce, domin in babu wurin iska babu ɗumi. Launi kuwa kada ya dame ka. Wanda ya samu jaket ja ko ruwan ɗorawa ya gode wa Allah, a kan farin dutse an fi hango shi.

In an kawo kayan gida a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Kada a sa haifo. Kada kuma, don Allah, a ba mai wanki da guga. Na san jaket ɗin da dutsen guga na gawayi ya yi wa taga a gadon baya kwana biyu kafin tafiya.

Akwai abin da ba na so a saya a gida, kuma a kansa muka fi jayayya da kawu: takalmi. Ni abin ya taɓa ci. Shekarar da na fara sauka Mosko, da kambas na je, da wani kwat da wani mai kanti a Kano ya rantse mini fata ce zalla. Sati biyu da shigowar sanyi kwat ɗin ya fara tsagewa a gwiwar hannu kamar busasshen ganye, ashe leda ce, ita kuwa leda sanyi yana sandarar da ita. Kambas kuma ranar farko da na taka ƙanƙarar da ta daskare a bakin titi ya kai ni ƙasa, littattafai suka watse, wata tsohuwa ta tsaya a kaina tana faɗa da yaren da ban fara ji ba tukuna, tana nuna ƙafata da kunnuwana. Daga baya na gane cewa take yi wace uwa ce ta bar ɗanta ya fito haka. Takalmin gwanjo kuma yana da wata cuta da ido ba ya gani: wani irin ƙasan takalmi in ya daɗe a ajiye yakan ruɓe ta ciki, ka gan shi kamar sabo, ka yi tafiyar kwana uku ya marmashe. Sabon da ake sayarwa a nan kuma ƙasansa sumul ne. Don haka a ware kuɗin takalmi a ba yaro a hannu. In ya isa ya sayi but mai rufe idon sawu, mai ƙasan roba da manyan haƙora, mai tare ruwa, ya ƙara lamba ɗaya a kan wadda ya saba don safa mai kauri ta samu wuri, yatsu kuma su riƙa motsi. Takalmin da ya matse yana tare jini, ƙafar da jini bai isa ba kuwa ita ke fara daskarewa. Saboda wannan dalilin ne safar ulu guda ta fi safa biyu da aka cusa a takalmi ɗaya.

Can ɗin ma akwai wuraren talaka. A Turkiyya akwai LC Waikiki da DeFacto a kusan kowane gari, ga Decathlon mai kayan wasanni da sauƙin kuɗi, wanda ke da rassa a ƙasashe da yawa. A Rasha akwai Sportmaster, da Avito inda mutane ke sayar da kayan da suka yi amfani da su. A Sin ɗalibai a Taobao suke saye. A Ingila akwai Primark da shagunan ƙungiyoyin agaji masu sayar da na hannu, wato gwanjon tun kafin a ɗaure shi a dila. Mafi araha duka shi ne ɗan'uwanka da ya gama karatu zai dawo gida: me zai yi da but ɗin ƙanƙara a garin Gwiwa? Ka nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta garin tun kafin ka tashi. Sannan daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris kantuna kan karya farashin kayan sanyi, mai haƙuri ya sayi na baɗi a lokacin.

Ƙananan kaya su ne ake mantawa, su ne kuma ke hana mutum sakat. Hular sanyi mai rufe kunne, abin naɗe wuya, safar hannu. Kunne, hanci, yatsun hannu da na ƙafa, nan sanyi yake fara ci. Waɗannan a saye su a Ƙofar Wambai, ba su da nauyi ba su da tsada. Jaket ɗin kuma kada a sa ta a jaka ta cinye kilo. A riƙe ta a hannu a shiga jirgi da ita daga filin Malam Aminu Kano, da hula da safar hannu a aljihunta. Yawancin tikitin irin wannan tafiya jaka biyu ne masu kilo 23, amma a duba abin da aka rubuta a tikitin. Wurin da bargon kawu zai ci, gara a zuba kuka da daddawa da yaji, waɗanda babu su a Kayseri. Bargo kuwa yana can.

To, sai maganar zamiya, wadda ita ce a ran ƙanena. Kawu yana ganin wasan Turawa ne da ba ruwanmu. Na gaya masa 'yan Najeriya sun shiga gasar Olamfik ta hunturu tun 2018 a Koriya ta Kudu, inda Seun Adigun da abokan wasanta mata suka yi tseren keken ƙanƙara, a 2022 kuma Samuel Ikpefan ya wakilci ƙasar a tseren zamiya a Beijing. Dutsen Erciyes da yaron ke nunawa a waya tsayinsa ya haura mita 3,900, kuma filin wasan bai fi kilomita 25 daga gari ba. Wanda ke Bursa yana da dutsen Uludag. A nahiyarmu ma akwai Oukaimeden a Maroko, kudu da Marrakesh, har Dubai ta gina nata a cikin kanti tun 2005. Yaro yana zaune a gindin dutse shekara huɗu, abokansa na tafiya, zai je. Gara a shirya shi.

Hukuncin a nan gajere ne: ranar farko kada ka sayi komai na wasan. Allunan zamiya, sandunan, takalmin wasan mai tauri, hular kwano, duk haya ake bayarwa a gindin dutse, a wuraren Turkiyya har jaket da wando ana bayarwa haya na yini. Ba ka san ko za ka so abin ba. Wani sau ɗaya yake zuwa ya ce ya tuba. In ka samo wando da jaket a gwanjo, ka rage kuɗin haya, shi ke nan. Hular kwano kuwa ko ka gan ta a gwanjo kada ka saya, domin wadda ta taɓa buguwa takan lalace ta ciki ba a gani; karɓi ta haya, kuma kada ka hau ba tare da ita ba. Mai koyo rabin yininsa a zaune yake a ƙanƙara, saboda haka wando mai tare ruwa da safar hannu mai tare ruwa sun fi masa jaket mai tsada amfani. Safar hannu ta saƙa minti goma za ta yi ta jiƙe. Jins kuwa in ya jiƙe sandarewa yake yi a jiki. Safa guda, doguwa har gwiwa, kuma kada a cusa ƙafar wando a cikin takalmin wasan, duk wani ƙulli a ciki ciwo zai zama a ƙwauri. Kuɗin da ka tsira da shi ka biya mai koyarwa na awa biyu, ka kuma tambaya ko inshorar lafiyarka ta ɗauki raunin wannan wasa, domin da yawa ba sa ɗauka.

Ido ma yana son kariya. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa da wajen kashi 10 a duk mita dubu da aka hau. Mutum ya yini a kan dutse ido tsirara, da dare ya ji kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba. Baƙar fata ba ta kare ƙwayar ido. Tabarau mai alamar UV400 ya wadatar a rana mai haske. Baƙin gilashin bakin titi da ba shi da wannan kariya ya fi rashin sa tabarau illa, domin yana sa ƙwayar ido ta buɗe hasken ya shiga da yawa.

Ga 'yan'uwa mata, tsarin bai canza ba, kuma sutura ba ta hana shi. Hawa na farko da na biyu suna shiga ƙarƙashin abaya ko doguwar riga, a ɗora doguwar jaket mai kaiwa gwiwa, irin wadda matan can ma suke sawa. Abayar da ke jan ƙasa dai a rage mata tsawo, in ba haka ba bakinta zai sha ruwa da gishirin da ake watsawa a titi. A kan dutse kuma dogon hijabi mai filfilwa ko gyale haɗari ne, yana iya maƙalewa a kujerar da ke ɗaukar mutane sama. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a tura bakinsa cikin jaket, hular kwano ta hau kai.

Kawu da ya ji duk wannan, tambayarsa ɗaya ce: alwala fa? Na ce ruwan zafi yana famfo a ko'ina, abin kula shi ne a tsane jiki sosai kafin a fita, kada a fita da jiƙaƙƙen hannu ko gemu. Kuma ga huffi, safar fata da malamanmu na Malikiyya suka karantar da hukuncin shafa a kanta: a sa ta bayan cikakkiyar alwala, ta rufe idon sawu. Ana samunta a Kano, ba ta da nauyi, yaro ya je wurin malaminsa ya sake bitar babin kafin ya tafi. Man kaɗanya ma a sa masa gwangwani guda, busasshiyar iskar ɗakunan can tana fasa fata fiye da hunturun Babura.

Abu biyu na ja kunnen ƙanena a kansu a gaban mahaifinsa. In yatsa ko kunne ya mutu, ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta ko jikin na'urar ɗumama ɗaki, domin wurin ba ya jin zafi, sai ya ƙone ba a sani ba. A shiga ɗaki, a sa shi a ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 37 zuwa 39, a nemi asibiti. Na biyu, al'adarmu ta shiga ɗaki da kaskon gawayi a bar ta a Roni, a Ronin ma ba ta da kyau. Ɗakunan can a toshe suke ruf, iskar gawayi kuwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Da muka je Ƙofar Wambai, jaket guda muka saya, da wandon zamiya guda, suwaita biyu, na ciki ƙafa uku, safar ulu, hula, abin wuya da safar hannu. Kuɗin buhu guda bai ƙare ba. Na buhu na biyu kawu ya canza ya damƙa wa yaron, na takalmi ne da abin da ido zai gani a can. Kawu dai har muka hau motar Kazaure yana cewa a bari ya ƙara ko da ƙaramin bargo ne. Mai shirin irin wannan tafiya, ka je kasuwa tun damina, ka tafi da mai kayan, kuma kada ka manta da fiya watan gwaji.